Baƙo da Mai Masaukinsa: Fumfunar da ke Zaune a Kan Laikin

Gabatarwa

Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa ba su cika ambaton kauci da sunansa kawai ba. Sai dai su ce kaucin ɗorawa, ko kaucin kaɗanya, ko kaucin tsamiya, wato sukan haɗa sunan baƙon da na itacen da ya ba shi masauki. Wannan ɗabi'a tana ɗauke da wata babbar tambaya ta ilmin halitta: shin abin da ke rayuwa a jikin wani yakan zaɓi mai masaukinsa, ko kuwa duk inda ya faɗa sha ne? Wannan darasi zai duba tambayar ta hanyar wasu ƙananan halittu da ido bai cika kula da su ba, wato fumfunar da ke tsirowa a kan laikin. Za a bayyana yadda masana ke rarraba su da raɗa musu suna, da dalilin da ya sa mafi yawansu ba sa iya zama sai a kan mai masauki guda, sa'an nan da abin da ɗaliban Gwandu da Kalgo za su iya yi a kan lamarin.

Mene ne laikin?

A harshen yau da kullum, fumfuna ita ce furfurar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da ya ji raɓa. A wannan darasi an faɗaɗa ma'anar kalmar domin ta ƙunshi dukkan danginta: laimar kwaɗi, da yis ɗin da ke kumbura ƙullu, da burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa, da ƙwayoyin da ke haddasa makero da ƙyasbi. Dukkansu ba sa iya haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsirrai ke yi. Jikin mafi yawansu zare-zare ne masu sirantaka ƙwarai, kuma suna yaɗuwa ta hanyar ƙurar iri wadda iska ko ruwa ke ɗauka. A da ana lissafa su cikin tsirrai, amma a shekarar 1969 masani Robert Whittaker na Amurka ya ware musu masarautarsu daban.

Laikin kuwa shi ne tabon nan mai launin toka, ko fari-fari, ko rawaya, ko baƙi-baƙi, da ake gani manne a ɓawon tsofaffin itatuwa ko a fuskar dutse. Wani yakan yi kama da fentin da ya bushe, wani kamar ɗan ganye mai lanƙwasa, wani kuma yakan yi reto kamar gemu. Mutane da yawa sukan ɗauke shi gansakuka, ko kuma wata cuta ta itace. Hasali ma ba ya shan ruwan jikin itacen, wurin zama kawai ya samu.

A shekarar 1867 masanin tsirrai Simon Schwendener, mutumin Suwizalan, ya bayyana cewa laikin halittu biyu ne da suka haɗu suka zama kamar jiki ɗaya. Akwai fumfuna, wadda ke gina gidan, ta riƙe ruwa, ta kuma kare abokiyar zamanta daga zafin rana. Akwai kuma ƙwayoyin gansakuka, ko wasu bakteriya masu launin shuɗi-kore, waɗanda ke zaune a cikin gidan suna haɗa sukari da hasken rana, fumfunar tana ci. Manyan masana laikin na lokacin sun yi watsi da wannan ra'ayi, amma daga baya bincike ya gaskata shi. An san kimanin jinsi 20,000 na laikin a duniya, kuma bisa ƙa'idar raɗa suna ta duniya, sunan da aka ba laikin sunan fumfunar da ta gina shi ne.

Baƙo na uku

Bayan waɗannan abokan zama biyu, sau da yawa akan sami wata fumfuna ta daban ta sauka a kan laikin ta yi zamanta. Ita ce maudu'in wannan darasi. Idan aka duba da gilashin ƙara girma, akan gan ta kamar ɗige-ɗige baƙaƙe, ko ƙuraje, ko gari mai ruwan hoda, ko wani wuri da launin laikin ya koɗe. Yawancinsu ba su kai faɗin milimita ɗaya ba.

Masana sun lura da hanyoyin zama iri huɗu. Na farko su ne masu kisa, waɗanda ke cinye laikin har ya mutu. Na biyu su ne masu zaman lafiya, waɗanda ke samun abincinsu ba tare da wata ɓarna da ido ke gani ba, irin abin da Hausawa ke cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Na uku su ne masu sa ƙari, wato waɗanda ke tilasta wa jikin laikin ya kumbura ya yi musu ɗaki. Na huɗu kuwa laikin ne su ma, amma sukan fara rayuwa a kan wani laikin, wasunsu har su ƙwace masa ƙwayoyin gansakukarsa.

Yadda ake rarraba su

Tsarin raɗa wa halittu suna biyu ya samo asali ne daga Carl Linnaeus na Suwidin, a littafinsa na tsirrai na shekarar 1753. Suna na farko na dangi ne, na biyu kuma na jinsi, kamar yadda dawa take Sorghum bicolor. Dangogi masu kusanci sukan haɗu su zama iyali, iyalai su zama rukuni, har a kai ga masarauta. Linnaeus bai ba laikin muhimmanci sosai ba, domin ya tara kusan dukkansu a dangi guda. Almajirinsa Erik Acharius, wanda ya rayu daga 1757 zuwa 1819, shi ne ya rarraba su dangi-dangi, shi ya sa ake kiransa uban ilmin laikin.

Fumfunar kan laikin ba iyali ɗaya ba ce. Sana'a ce ta haɗa su, kamar yadda kasuwa kan haɗa mutanen garuruwa daban-daban. A shekarar 2018 masana uku, Paul Diederich na Luksambok, da James Lawrey na Amurka, da Damien Ertz na Beljiyam, suka wallafa jerin duk waɗanda aka sani a lokacin. Sun lissafa iri 2,319, warwatse cikin dangogi kusan 400. Daga ciki, 2,000 ba sa rayuwa ko'ina sai a kan laikin, 257 laikin ne masu zama a kan 'yan'uwansu, 62 kuma sukan zauna a kan laikin ko a wani wurin. Warwatsuwarsu cikin iyalai masu yawa tana nuna cewa wannan hanyar rayuwa ta ɓullo sau da dama a tarihin fumfuna, a zuriyoyin da ba su da kusanci da juna.

Manyan rukunansu biyu ne. Akwai masu jaka, waɗanda a kimiyyance ake kira Ascomycota, masu ƙera ƙurar irinsu a cikin wata 'yar jaka, yawanci ƙwaya takwas a kowace jaka. Su ne kashi 96 cikin 100 na jerin 2018. Akwai kuma masu kulki, wato Basidiomycota, dangin laimar kwaɗi, masu ɗora ƙurar irinsu a kan wani abu mai siffar kulki. A jerin 2018 guda 100 ne kacal, amma littafin da Diederich da abokan aikinsa suka fitar a kansu a 2022 ya ƙunshi kusan 200. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan aikin da ya rage.

Kafin a raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna, manazarci yakan bi matakai. Yakan fara da tantance laikin da ke ɗauke da ita. Sa'an nan ya yanki ɗan siririn yanki da reza ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya duba siffar jakar, da launin ƙurar irin, da yawan ɗakunan da ke cikin kowace ƙwaya, ya kuma auna tsawonta da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Akan kuma ɗiga sinadari a ga ko launi zai sauya, dabarar da William Nylander na Finlan ya shigo da ita a 1866. Mataki na ƙarshe a wannan zamani shi ne karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta. A shekarar 2012 masana suka amince da wani yanki na DNA mai suna ITS a matsayin babbar shaidar gane fumfuna.

Zaɓen mai masauki

Manomi ya san misalin wannan a gonarsa. Ƙudujin da ke kama gero da dawa, Striga hermonthica, daban yake da wanda ke kama wake, Striga gesnerioides. Haka kuma burtuntunar dawa jinsinta daban da wadda ke kama gero. Kowane cima-zaune da irin gidan da yake iya shiga.

A fumfunar kan laikin wannan zaɓe ya yi tsanani ƙwarai. A nazarin da Lawrey da Diederich suka wallafa a 2003, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 95 cikin 100 nasu ba a samunsu sai a kan jinsi ɗaya ko dangi ɗaya na laikin. Alal misali, Xanthoriicola physciae takan zauna a kan laikin nan mai ruwan lemo, Xanthoria parietina, ta mai da 'yan faya-fayan irinsa baƙi kamar an shafa musu kunkunniya. Lichenostigma cosmopolites kuwa ta game nahiyoyi da dama, amma duk inda aka same ta a kan dangin Xanthoparmelia take, laikin da ke son fuskar dutse. Ke nan ta yi nisan tafiya, ba ta sauya masauki ba.

'Yan kaɗan ne marasa zaɓe, kuma abin lura shi ne yawancinsu masu kisa ne. Athelia arachnoidea takan shimfiɗa farin zare kamar saƙar gizo-gizo a ɓawon itace, ta kashe kowane laikin da gansakukar da ta tarar, har ma takan ruɓar da karas a ɗakunan ajiya masu sanyi. Marchandiomyces corallinus, mai 'yan ƙwallaye ruwan hoda, ita ma tana cin laikin iri-iri. Hikimar a fili take: wanda ke kashe mai masaukinsa dole ya iya neman wani, wanda kuma ya dogara ga gida ɗaya dole ya bar gidan a tsaye.

Me ke kawo wannan zaɓe? Babban dalili shi ne sinadarai. Laikin yana ƙera sinadarai kimanin 1,000, mafi yawansu ba a samunsu a wata halitta, kuma da yawa daga cikinsu guba ne ga bakteriya da sauran fumfuna. Kowane dangi na laikin da irin nasa haɗin. Baƙon da ya iya jure gubar gida ɗaya ba lalle ne ya jure ta maƙwabcinsa ba. Wani gwaji da Lawrey da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna haka a sarari. Sun gano wata fumfuna ta dangin Fusarium da ke narkar da sinadarin kariya na laikin Punctelia rudecta, kuma bayan ta yi haka sai wata fumfunar, wadda da ba ta iya kama shi, ta samu hanyar shiga. Dalili na biyu shi ne ginin jiki, domin zaren baƙon dole ya iya huda fatar laikin ya kai ga inda abinci yake. Wasu fumfunar gidan suke tsotsa, wasu kuma ƙwayoyin gansakukar. Dalili na uku shi ne daɗewar zama tare, wadda kan sa baƙo ya dace da gidan har ya kasa rayuwa a waje. Shi ya sa da yawa daga cikinsu suke da wuyar renawa a ɗakin gwaji.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne ilmin rarrabewa da sanin mai masauki suke haɗuwa, kuma akwai tarko biyu. Na farko shi ne a ɗauka cewa kowane mai masauki da nasa baƙon. Kauci ya isa misali: jinsi guda, Agelanthus dodoneifolius, yana kama ɗorawa yana kuma kama kaɗanya, ko da yake an ba shi suna biyu a kasuwar magani. Masanan da suka gabata sun sha raɗa sabon suna don kawai sun ga fumfuna a kan sabon laikin, daga baya aka gane abu ɗaya ne.

Tarko na biyu kishiyar na farko ne, wato a tara jinsuna da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya saboda sun yi kama. Labarin Biatoropsis usnearum ya nuna haka. Tana sa ƙari a jikin Usnea, laikin nan mai kama da gemu da ke reto a rassan itatuwa a wurare masu hazo da laima. Johann Dillenius ya zana hoton ƙarin a littafinsa na 1742, ba tare da sanin cewa wata halitta ce daban ba. A 1934 Veli Räsänen na Finlan ya raɗa mata suna, ya sa ta cikin masu jaka. A 1994 aka tabbatar da cewa cikin masu kulki take. Daga nan Ana Millanes ta Sifen da abokan aikinta suka karanta DNA ɗinta, suka tarar cewa abin da ake kira da suna ɗaya jinsuna ne da dama, waɗansunsu kowanne da nau'in laikin da yake bi. A 2016 suka raɗa wa uku daga cikinsu sababbin sunaye. Ke nan an shafe fiye da shekara 270 tsakanin zanen farko da gane cewa ba abu ɗaya ba ne. Darasin shi ne, mai masauki shaida ce mai ƙarfi, amma sai an haɗa ta da siffa da DNA kafin a yanke hukunci.

Gwandu da Kalgo

Ƙasar Gwandu da Kalgo tana cikin yankin savana mai gajeriyar damina, inda ruwa kan sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, sa'an nan hunturu da bazara su biyo baya. Irin wannan yanayi ba ya ba laikin mai gemu dama. Wanda ya fi jure shi shi ne mai manne wa dutse ko ɓawo kamar fenti, da mai 'yan ƙananan ɓawo-ɓawo irin dangin Peltula, wanda aka sani a duwatsun busassun yankunan Afirka. Laikin yana da wata baiwa: idan ya bushe yakan dakatar da ayyukan jikinsa na tsawon watanni, da zarar ya ji ruwa kuma sai ya farfaɗo cikin ɗan lokaci.

Wurare uku sun cancanci a duba. Na farko shi ne tuddan nan masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara ta rufe. Masana ilmin ƙasa sun raɗa wa shimfiɗar yashi da yumɓun da ke ƙarƙashinsu sunan garin Gwandu, kuma dutsen da ya daɗe ba a motsa shi ba shi ne ya fi dacewa da laikin. Na biyu shi ne ɓawon tsofaffin itatuwa, irin su tsamiya da mangwaro da giginya, musamman ɓangaren da inuwa ta fi yawa. A ƙasashe masu zafi an san dangogin Pyxine da Dirinaria da son irin wannan wuri. Na uku shi ne itatuwan bakin fadama, inda raɓa da laima suka fi daɗewa.

Yawancin masu nazarin wannan fanni a Turai da Amurka suke, don haka nan ne aka fi tattara samfuri. Gabashin Afirka ya samu littafin manyan laikin na Dougal Swinscow da Hildur Krog a 1988, amma savanar Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da aka fi ƙarancin bincika. A nan haɗarin yake. Laikin mai manne wa dutse ba ya wuce 'yan milimitoci a shekara, wani ma bai kai milimita ɗaya ba, don haka tabo mai faɗin tafin hannu yana iya girme wa wanda ke kallonsa. Idan aka sare tsohuwar tsamiya don itacen girki ko gawayi, ko aka fasa marmara don gini, ko wutar daji ta lashe ɓawon itace, laikin ya tafi. Baƙon da ba shi da wani gida sai wannan, shi ma ya tafi tare da shi, wataƙila tun ba a rubuta sunansa ba. Bugu da ƙari, laikin ma'aunin tsabtar iska ne. Tun a 1866 Nylander ya lura cewa hayaƙi ya kore shi daga mafi yawan birnin Faris. Saboda haka rubutaccen bayanin abin da ke akwai a yau zai zama abin kwatance ga masu zuwa.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Wannan nazari ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, da ruwa a 'yar kwalba, da rula, da ambulan na takarda, da littafin rubutu. Malami zai iya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki itace iri ɗaya ko dutse ɗaya, a bi waɗannan matakai:

1. A rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da irin itacen ko dutsen, da ɓangaren da laikin yake fuskanta, gabas ko yamma, kudu ko arewa.

2. A yayyafa ruwa kaɗan, a jira minti biyar, a rubuta sauyin launi.

3. A duba da gilashi. Ɗigon da ya bazu daidai a kan kowane laikin na irin, mai yiwuwa kayan haihuwar laikin ne da kansa. Wanda kuwa ya fito a kan wasu ban da wasu, ko ya zo da koɗewar launi ko kumburi, shi ake zargi da zama baƙo.

4. A ƙirga laikin nawa ne na kowane iri ke ɗauke da alamar, a kuma duba ko ta tsallaka zuwa wani iri da ke kusa. Wannan shi ne gwajin zaɓen mai masauki.

5. Idan za a ɗauki samfuri, a ɗauki ɗan kaɗan tare da ɓawon da yake kai, a bar mafi yawa. A shanya shi a inuwa, a sa a ambulan. Kada a sa a leda, domin fumfunar gida za ta rufe shi.

A kiyaye da kunama da maciji wajen taɓa duwatsu, kuma a nemi izinin mai gona kafin a shiga. Samfurin da ba shi da bayanin wuri da mai masauki ba shi da amfani ga masani. Wanda aka rubuta da kyau kuwa ana iya kai shi sashen ilmin halitta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take kuma kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Kammalawa

A taƙaice, laikin gida ne na halittu biyu, kuma fumfuna fiye da iri 2,300 sun mai da shi masauki. Ba su fito daga zuriya ɗaya ba, mafi yawansu masu jaka ne, kuma kusan kashi 95 cikin 100 ba su da gida sai ɗaya. Sinadaran laikin da ginin jikinsa da daɗewar zama tare su ne suka ɗaure baƙo ga mai masaukinsa. Don haka ba a gane baƙon sai an gane gidan, ba a kuma tsare shi sai an tsare itacen ko dutsen da gidan ke kai. A 2017 David Hawksworth da Robert Lücking sun ƙiyasta cewa jinsunan fumfuna a duniya sun kai miliyan 2.2 zuwa 3.8, alhali waɗanda aka raɗa wa suna a lokacin ba su wuce kimanin 120,000 ba. Ɗalibin da ya iya duba da kyau, ya kuma rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi, ya riga ya ɗauki matakin farko na wannan aiki.

Tambayoyi

1. Bayyana aikin kowane ɗaya daga cikin abokan zama biyu da suka haɗu suka zama laikin.

2. Kawo bambanci tsakanin masu jaka da masu kulki.

3. Me ya sa fumfuna marasa zaɓen mai masauki suka fi zama masu kisa?

4. Wane darasi ke cikin labarin Biatoropsis usnearum, kuma ta yaya ya bambanta da na kauci?

5. Lissafa ayyukan ɗan'adam uku a yankinku da ke iya kawar da laikin, tare da hanyar rage ɓarnar kowanne.